Tafiretar Malam Ɗahiru

Tun hantsi nake jin ku a kan bencin nan, kowa ya duƙufa a kan waya, kuna zagin wani kamfani da ko ƙofarsa ba ku taɓa gani ba. Wai ya sabunta manhajarsa, wayar da kuka saya bara ta koma rarrafe, in ba sabuwa kuka saya ba sai dai ku yi ta kallonta. Wannan ya rubuta zagi, wancan ya danna masa alamar yabo, sai ku tuntsire da dariya kamar kun ci yaƙi. Da na ce muku mu ma mun yi irin wannan, sai wancan mai jar hular ya ce, "Haba Baba, ai naku mai sauƙi ne, ƙarfe ne da guduma." To ku kife wayoyin nan a cinya ku saurara. Ni Haruna na yi kusan shekara ashirin ina gyaran tafireta a nan Funtua, kuma da gudumar da kuka raina na kashe sana'ata da hannuna. Da tawa kaɗai na kashe, da ban tsaya ba ku labari ba. Na haɗa da ta wani bawan Allah, Malam Ɗahiru, wanda bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Tafireta ta farko da na taɓa, daga ofishin wani gidan gurzar auduga aka kawo ta, shekara biyu ko uku bayan an gama yaƙin basasa. Maigidana Baba Lasisi, Bayarabe mutumin Ogbomosho da ya fi ni sanin lungunan Funtua, ya dangwarar da ita a gabana ya ce in kwance ta kaf. Ƙurar auduga ta cushe cikinta, har madannan ba sa dawowa in an danna. Ga wanda bai taɓa gani ba a cikinku, tafireta keken rubutu ce: ka danna harafi, wani siririn yatsan ƙarfe ya tashi ya mari ƙyallen tawada, ƙyallen ya bar harafin a kan takarda. Yatsun nan arba'in da wani abu ne, duk a jere suke cikin wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsaga-tsaga da muke kira kwando. Ku riƙe sunan kwandon nan, za mu dawo kansa.

Baba Lasisi ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya ce duk abin da na cire in jera shi daga hagu zuwa dama, in na zo mayarwa in faro daga dama. Na wanke komai a kwanon kananzir da tsohon buroshin haƙori. Da na zo haɗawa sai wani sifirin, wato 'yar nannaɗaɗɗiyar waya, ya kuɓuce daga bakin filaya ya faɗa cikin rairayin shago. Tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Na ce a ɗauko wani. Baba Lasisi ya ce, "A ɗauko a ina? Ingila za ka je?" Ya miƙo mini maganaɗisun tsohuwar lasifika. Kwana biyu ina rarrafe ina jan sa a ƙasa, masu wucewa suna tambaya ko zobe na yar, ban same shi ba. A rana ta uku ya zaro silin waya guda daga igiyar birkin keke, ya nannaɗe shi a jikin allura, ya yanke, ya miƙo mini. Na ce to me ya hana shi yin haka tun shekaranjiya. Ya ce, "Don gobe kada ka sake yarwa. Kuma ka ji, wanda ya ƙera ta a can yatsu goma gare shi. Kai nawa gare ka?"

Da wannan karatun na tashi, kuma shi ya cuce ni daga baya. Mu a wurinmu duk injin da ka saya naka ne, ka buɗe shi, abin da ya rasa ka ƙera masa. Kayan aikinmu akwatin katako ɗaya ne ya ɗauke su: sukundireba manya da ƙanana, filaya mai dogon baki, magagari, ƙarfen narka dalma da ake ɗorawa a kan gawayi, sai wasu ƙarafa biyu masu tsaga da maƙeri ya buga mana don miƙe yatsan da ya karkace. Ƙyallen tawada kuwa, wanda kowa ke kira ribin, ba a yar da shi. In ya dushe sai mu warware shi tsakanin ƙusa biyu, mu haɗa tawadar hatimi da ɗigon man keken ɗinki, mu bi shi da auduga, mu bar shi ya sha iska. Ribin ɗaya sai ya shekara ana shafa masa har ya huje. In ya huje ma akwai telan da ke yanka mana siririn yadi daidai faɗinsa.

Ranar kasuwar Bakori in ɗaure akwati a bayan babur in bi makarantu da ofisoshi, wata rana Danja, wani lokaci har Malumfashi. Na ga akawu iri-iri. Akwai mai cin gyaɗa a kan inji, in na kwance in tarar da ɓawon da ya isa hura wuta. Akwai wanda duk kuskuren da ya tafka sai ya ce wa shugabansa injin ne, ni kuma in zo in rufa masa asiri, in ɗaure wani noti da babu abin da ya same shi. Lokacin da Baba Lasisi ya tsufa ya koma garinsu, ya bar mini shagon da akwatin, daga Maska zuwa Malumfashi babu tafiretar da ban san cikinta ba. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Aikin da ya haɗa ni da Malam Ɗahiru ƙararrawa ce. Mutumin Maska ne, amma a gindin wata darbejiya da ke bakin kotu yake zama, da ɗan teburinsa da baƙar tafiretarsa, yana buga wa mutane takardun koke da na rantsuwa, da wasiƙa zuwa ga ɗan da ya tafi Legas ya yi shiru. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Tafiretar kuwa Tsohuwa yake ce mata. Ya ɗauko ta a ka har shagona, ya ce ta zama bebiya. A cikin kowace tafireta akwai wata 'yar ƙararrawa kamar ta keke, da ke bugawa in layi ya kusa ƙarewa, to tasa ce ta daina.

Na ce, "Malam, ai wannan ba ciwo ba ne. Ka riƙa duban takardar mana."

Ya ce, "Injiniya, ni ba takarda nake kallo ba, fuskar mai magana nake kallo. Mutumin ƙauye in an ƙwace masa gona, rabin maganar a fuskarsa take. In na sunkuya sai ya ɗauka na raina shi, ya haɗiye sauran. Ƙararrawar nan ita ce idona."

Na yanko waya daga tayar keke na ƙera mata sabon mabugi. Ya ja layi ya kai ƙarshe, ta buga, ya yi murmushi. Daga ranar kullum bayan la'asar sai ya biyo ta shagona.

A lokacin, bencin ƙofar shagona shi ne irin wannan abin da kuke yi a waya. Sarkin surutunmu Ticha Emeka ne, malamin lissafi a wata sakandare. Iyayensa 'yan kudu ne, amma a nan aka yanke masa cibiya, Hausar bakinsa ta fi tawa. Mutum ne mai son inji don Allah, ba don ya ci abinci da shi ba. Yana da tarin tsofaffin mujallun Turai, ya karanta ya fassara mana. Wata rana a farkon shekarun tamanin ya zo da wani abu mai madannai da bai fi faranti ba, wanda ɗan'uwansa ya aiko masa daga waje, ya ce kwamfuta ce. Muka jona ta da talabijin, ya saka kaset a rikoda, ta yi ta ƙugi, can sai ga sunana ya cika gilashin daga sama har ƙasa. Ticha ya ce nan da shekara goma kowane akawu zai mallaki irinta, kowa ya rubuta wa tasa umarnin da yake so, babu mai riƙe wa wani wuya. Muka kaure da musu kan wane kamfani ya fi wane, mu da ko ɗaya ba mu taɓa gani ba sai a hoto.

Malam Ɗahiru yana gefe yana jan carbi. Da muka lafa sai ya ce, "Ticha, me take ci?"

Aka kwashe da dariya. Ya ce, "A'a, ba wasa nake ba. Ni in zan sayi dabba, kafin in duba haƙoranta sai na tambayi me take ci, kuma a gonar wa abincin yake."

Ticha ya ce wuta kawai take sha, muka wuce wurin.

Ba a daɗe ba wani kamfani, wanda ba zan kama sunansa ba, ya shigo Arewa da sabuwar tafireta mai aiki da lantarki, mai 'yar ƙwaƙwalwa a ciki, ƙanwar kwamfuta ke nan. Babu yatsu, babu kwando, wani faifan roba ne mai haruffa ke juyawa. Ribin ɗinta a rufe yake cikin kaset, kuma na kamfanin kaɗai ke shiga. Suka nemi wakili a yankin Funtua, kowa ya nuna ni. Aka kai ni Kaduna horo na mako biyu, aka ba ni farar riga mai tambari. Mako biyun nan ban riƙe magagari ba. Abin da aka koya mana shi ne, in ta lalace ka zare wani koren allo da ke cikinta ka aika Legas su aiko da wani, kada ka kuskura ka taɓa shi da dalma. Na tambayi me ke cikin allon, mai koyarwar ya ce ba aikina ba ne. Ya kuma gargaɗe mu cewa duk kaset ɗin da banki ko kotu suka gama da shi a ƙone shi, domin ribin ɗin leda ce, sau ɗaya ake bi ta kanta, kuma duk harafin da aka buga yana barin gurbinsa, mai haƙuri zai iya karantawa. Na ajiye wannan a raina a matsayin labarin da zan burge majalisa da shi.

Dabarar kamfanin musaya ce. Ka kawo tsohuwar tafiretarka, a sassauta maka farashin sabuwa. Sharaɗin ɗaya ne, wakili zai fasa tsohuwar a gaban jami'insu don kada ta koma kasuwa. Ranar farko jami'in ya zo, wani matashi mai kwat da ɗaurin wuya, ya ce in daki madannai da robar da takarda ke naɗuwa a kai. Na yi dariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai shafa ce. Ka ba ni yini ɗaya in tashe ta. In so kake ta mutu mutuwar da babu tashi, nan ake duka." Na nuna masa kwando. A duk jikin tafireta shi kaɗai ne maƙeri ba ya iya bugawa, domin tsagoginsa in ɗaya ta kauce da kaurin gashi, an gama. Na ɗora masa kurfin sarar ƙarfe, guduma ɗaya, ya rabe biyu. Matashin ya zaro biro ya rubuta. Bayan wata ɗaya takarda ta zo daga Legas zuwa ga duk wakilansu, cewa daga yau kwando ake fasawa. Na yi ta yawo da takardar ina nuna wa mutane, ina cewa shawarata ce. Babu wanda ya tambaye ni. Ni na ba su, don kawai kada mai ɗaurin wuya ya ɗauka ban san aikina ba.

Makarantu suka kawo, ofisoshi suka kawo, 'yan kwangila suka kawo. Jami'in lambar jikin inji kawai yake cirewa ya tafi da ita, gawarwakin kuwa in jibge su a bayan shago. Malam Ɗahiru ne ya fi kowa taurin kai, wata shida ina bin sa. Ƙarshe na ajiye masa takarda biyu a kan tebur, ɗaya bugun Tsohuwa, ɗaya bugun sabuwa, wadda haruffanta suka fito baƙi wuluk kamar na littafi.

Na ce, "Malam, in ba ka canja ba, nan da shekara biyu babu ofishin da zai karɓi takardarka."

Ya daɗe yana duban su, sannan ya ce, "Abincinta fa?"

Na bugi ƙirji na ce, "Yana hannuna. Ni ne wakili. Muddin ina numfashi ba za ka rasa ba."

Ya ce, "To Injiniya. Da kai na yarda, ba da su ba."

Ranar musaya ya kawo ta a ka kamar ranar farko. Ya goge ta da hannun riga, ya ajiye, ya ce bari ya je ya yi alwala. Bai dawo ba sai da ya tabbata an gama. Da na daka, ƙararrawar ta ɓalle ta gangara ƙarƙashin tebur tana ƙara. Na tsince ta na jefa cikin gwangwanin madarar da nake tara noti, domin mu ba ma yar da ƙarfe. Daga nan ban sake tunawa da ita ba.

Sabuwar tana son wuta, gindin darbejiya kuwa babu wuta. Dole ya bar wurin da ya yi shekara talatin, ya dawo barandar shagona, na jawo masa waya. Da farko mutane sun biyo shi saboda kyan bugun. Amma injin yana da wani ɗan gilashi da sai ka duba kafin layi ya fita, don haka Malam ya koma sunkuye, masu koke suna yi wa hularsa bayani. In aka ɗauke wuta kuwa, shi da mai gona su zauna suna kallon juna har azahar. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, ni ma ban tambaya ba, ina can ina fasa na wasu.

Sai Naira ta faɗi, kayan waje suka yi wuya. Kaset da ke zuwa kwali-kwali ya koma ɗai-ɗai, daga nan aka ce sai manyan ofisoshi. Can sai labari ya zo cewa kamfanin ya daina yin wannan samfurin gaba ɗaya, ya fito da wani mai kaset dabam, kuma ma hankalinsa ya koma kan kwamfuta. Na ce ai da sauƙi, abin da na tashi a ciki ne. Na fasa tsohon kaset, na warware ledar tsakanin ƙusa biyu, na haɗa tawadar hatimi da man keke na shafa. Ashe leda ba ta shan tawada. Na gwada a injin shago, ta dame, ta manne faifan haruffa, ta tsiyaya kan koren allo, hayaƙi ya tashi. Na sa tela ya yanko mini yadi na cusa a cikin kaset, na saka a wani injin, ya ƙi ko motsi. Ashe akwai wani ɗan ido a ciki da ke gane kaset ɗin gidansu. Ranar na zauna na dubi yatsuna goma, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba a sana'a.

Ticha ma abin ya ci shi ta nasa ɓangaren. Kamfanin da ya ƙera 'yar kwamfutarsa ya rushe, wani babba a can waje ya mamaye kasuwa da tsarinsa, duk abin da Ticha ya shekara huɗu yana rubutawa a kaset babu sabon injin da ke iya karanta shi. Kullum ya zo benci da kumfar baki. "Haruna, kamfani ɗaya zai haɗiye duniya. Ba don nasu ya fi kyau ba, wallahi bai fi ba, don dai kowa shi ya saya, kai ma dole ka saya." Mu kuma mu ce ƙwarai, mu tsine musu, a sha shayi a watse, gobe a dawo a ɗora daga inda aka tsaya.

Ticha ne ya kawo shawarar a rubuta takardar koke zuwa ga kamfanin tafiretar. A lokacin kaset ɗaya tak ya rage wa Malam Ɗahiru, yana tattalinsa, ba ya buga komai da shi sai shari'ar gona. Ni da Ticha muka tasa shi gaba, muka ce takardar dole ta fito da kyau don su san ba da ƙauyawa suke magana ba. Malam ya ce, "Injiniya, kana ganin za su amsa?" Na ce in ba su amsa ba a canja mini suna. Shafi uku ne da Turancin Ticha, aka buga har sau huɗu: Kaduna, Legas, hedikwatarsu ta waje, da wata jarida. Ya cinye fiye da rabin ledar. Duk majalisa ta sa hannu, manoman da suka zo koke suka dangwala yatsa. Ranar da muka kai gidan waya mun ji irin daɗin da kuke ji ɗazu. Bayan wata uku ambulan ya zo daga Legas, ƙato. Muka taru aka buɗe. Kalanda ce, da hoton wata Baturiya tana murmushi a gaban kwamfuta, babu ko layi ɗaya na amsa. Mai tsiren da ke gefenmu ya karɓa ya naɗe nama da ita.

A shekarar ne aka ba mu jihar Katsina. Ma'aikata 'yan wannan yanki da ke Kaduna suka yi ta dawowa gida, kowa yana neman takarda, ta shaidar asali, ta shekaru, ta neman canjin wurin aiki. Tun da ake sana'ar bakin kotu ba a taɓa ganin kasuwa irin wannan ba. Akwai mutum biyu da suka ƙi jin shawarata suka riƙe tsofaffin injinansu, waɗanda nake yi wa ba'a ina kiran su 'yan gargajiya. Layin da ke gabansu har bakin titi, ɗayansu ma a gindin darbejiyar Malam ya kafa tebur. Ledar Malam Ɗahiru kuwa a mako na biyu ta ƙare. Ya koma rubutu da biro, ofisoshi suka ce sai bugaggiya. Mutumin da ke da iyali goma sha a wuyansa ya zauna yana kallon abinci yana wucewa ta gabansa.

Na ce masa ya ba ni mako ɗaya zan haɗa masa wata. Na shiga bayan shago, gawarwaki sun fi talatin. Kwana huɗu ina tono. Madannai lafiya lau, roba lafiya lau, sifirin kuwa sai ka cika mudu. Kwando ne babu ko ɗaya. Kowanne a rabe biyu, a daidai wuri ɗaya, dukan gwani. Na kai wa mai walda ya haɗa mini biyu, zafi ya murɗe tsagogin, yatsu suka ƙi shiga. Na hau mota na je Zariya, na je Kaduna, na je Kano. Kowane wakili ya bi takardar Legas sau da ƙafa. Wani dattijon mai gyara a Kano ya nuna mini nasa tulin ya ce, "Da roba suke fasawa kamar da, ai da yanzu mun tashe su duka. An ce wani ɗan iska ne a Funtua ya koya musu." Na shanye ruwan da ya ba ni, na yi masa sallama. Masu sauran lafiyayyun kuwa, a wannan shekarar ko ɗan'uwanka ba zai sayar maka ba.

Na dawo na gaya wa Malam. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Injiniya, ka yi iya yinka. Haka Allah ya so." Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ƙara kwanaki yana zuwa da wankakkiyar riga, ya zauna a baranda gaban injin da ba ya aiki, in an kira la'asar ya tashi. Ran nan ya ce zai koma Maska ya kama noma, mutumin da ya shekara talatin bai riƙe fartanya ba. Ya tura mini injin ya ce, "Ajiye, ko abincinta zai zo." Abincin bai zo ba. Kamfanin ma ya tattara ya bar Arewa, ko farar rigarsu ba su waiwaya ba. Ticha ya nemi canji ya koma kudu. Ni na koma gyaran risho da fitilar ƙwai, da kwaɗon da makullinsa ya ɓata. Malam Ɗahiru damina uku ya yi a gona, a ta huɗu aka aiko mini ya rasu. Na je ta'aziyya, na zauna a can baya.

Bayan rasuwarsa da 'yan watanni mai gidan ya ce yana son shagonsa. Ina kwashe kaya da hantsi sai na ci karo da injin Malam. Na zare kaset ɗin ƙarshen nan zan jefar, sai maganar mai koyarwar Kaduna ta faɗo mini. Na fasa shi, na warware ledar, na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga ta ga rana. Haruffan suna nan fes, a manne da juna babu tazara, sai ka bi da yatsa. Ga Turancin Ticha nan, sau huɗu, ya ci tsawon leda mai yawa. Ga koken wani mutumin Danja da aka shigar masa iyakar gona. Ga takardun shaidar shekaru. Can kusa da ƙarshe sai Hausa ta fara, na ga sunana.

"Zuwa ga Malam Haruna Injiniya. Bayan gaisuwa. Shekara talatin ina rubuta koken mutane ban taɓa rubuta nawa ba, kuma bakina ba zai iya faɗa maka ba don kada ka ji kunya. Ban riƙe ka da komai ba. Abu ɗaya nake roƙo. In akwai abin da ya rage a jikin Tsohuwa, ko da ƙararrawar nan ce da ka gyara mini, ina so ka"

Nan ledar ta ƙare. Takardar ba ta cika ba, bai ba ni ba, kuma bai taɓa buɗe baki ya tambaya ba. Na zauna a dokin ƙofa na yi kuka, ni da gemuna, mutane suna wucewa.

To ku ci gaba da rubutunku a waya, ban hana ku ba. Mu ma mun rubuta, namu har da dangwalen yatsa, kuma mu ko kalanda mun samu. Amma kai mai jar hula, miƙo hannunka. Ga ƙararrawar nan, kullum tana aljihuna. Ƙwanƙwasa ta da farce ka ji, har yau tana bugawa. Duk kwanakin nan da Malam ya yi yana zama a barandata da wankakkiyar riga, tana cikin gwangwanin madara a kan kantar shago, taku uku daga kujerarsa.